Hannun da Ke Riƙe da Kyamara a Tasawa da Mayahi

A watan Janairu na 1851, ana tsakiyar hunturu, wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya raɗa wa kansa Abdulkarim, ya iso Tasawa tare da ayarin gishiri na Abzinawa. Daga Tarabulus ya tsallako hamada, kuma Tasawa ce babban garin Hausa na farko da ya sa ƙafa a cikinsa. Garin ya burge shi, ya rubuta labarin kasuwarsa da gidajensa da walwalar mutanensa kafin ya wuce Gazawa da Katsina da Kano. Ba ya tafe da kyamara, littafi ne da fensir. Zane-zanen da ya yi a wannan tafiya, wani mai zane a Jamus, Martin Bernatz, wanda bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, shi ya gyara su ya sa musu launi, aka buga a littafi mai juzu'i 5 a 1857 da 1858.

Haka al'amarin ya faro, haka kuma ya daɗe yana tafiya. Baƙo ya zo ya duba, ya tafi da kamannin mutane zuwa inda masu kamannin ba za su taɓa gani ba.

Baƙin da suka biyo baya da bindiga suka zo. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ratso daga yamma tana ƙona garuruwa, ta yi yaƙi da Sarauniya Mangu a Lugu, ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni, ta ƙaraso ƙasar Tasawa. A nan tafiyar ta watse. Ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda gwamnatinsu ta aiko ya tsayar da shi, a kusa da Dankori. Cikin kwana uku sojojinsu baƙaƙen fata suka juya musu baki, suka kashe Chanoine da Voulet a wajen Maijirgi, inda kaburburansu suke har yau. Wannan labari na mutanen Tasawa ne, kakanninsu aka kashe, rijiyoyinsu aka ɓata. Amma da aka tashi mayar da shi fim, Med Hondo ɗan Muritaniya ne ya yi Sarraounia a 1986 daga littafin Abdoulaye Mamani, kuma a Burkina Faso aka ɗauke shi. Sai a 2020, cikin fim ɗin African Apocalypse na Rob Lemkin da Femi Nylander daga Ingila, duniya ta ji jikokin waɗanda abin ya faɗa wa suna ba da labari da bakinsu, shekara 121 bayan aukuwarsa.

Sana'ar hoto ta 'yan gida kuwa ta wata ƙofar ta shigo, ƙofar takarda. Tasawa ce mazaunin kwamandan Faransa na yankin har 1927 da aka mayar da mulki Maraɗi, kuma duk inda ofishin gwamnati ya zauna, buƙatar hoto tana biye. Mai shiga soja, ɗan makarantar da zai zauna jarrabawa, maniyyaci, direba, mai neman katin ɗan ƙasa, kowa sai ya kawo fuskarsa a 'yar takarda. Mutanen karkara da yawa, ranar da hukuma ta buƙaci hotonsu ita ce ranar da suka fara zama gaban kyamara. Shi ya sa a tsofaffin hotunan kati ba a ganin murmushi.

Wanda ya san kasuwannin ƙasar Hausa kafin zuwan hoto mai kala zai tuna mai hoton akwati. Akwatin katako ne a kan ƙafa uku, da gilashi a gaba, da hannun riga na baƙin ƙyalle a gefe. Mai hoto ya zaunar da mutum a kan benci, a rataya zane a bayansa, ya ce kada ya motsa, ya cire murfin gilashin ya ƙirga a zuciyarsa ya mayar. Daga nan ya zura hannu cikin akwatin, inda ƙananan kwanonin magani suke, ya wanke takardar a cikin duhu da lalube. Abin da ke fitowa a juye yake, fari ya zama baƙi, baƙi ya zama fari, don haka sai ya manna shi a wani ɗan allo gaban gilashin ya sake ɗaukarsa, sannan a sami hoton gaskiya, a ɗauraye a bokiti, a shanya. Kyamara da ɗakin wanki duk a akwati ɗaya, ba wuta, ba batir. Mai wannan aiki ya san haske sani na haƙiƙa, domin ba shi da na'urar da za ta auna masa. Ya san inuwar da ta dace da baƙar fata, ya san sa'ar da rana ke ɓata fuska.

Galibin waɗanda suka buɗe shagunan hoto a biranen Nijar tun farko baƙi ne daga kudu, Yarabawa da mutanen Togo da Dahome. Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki hotunan samari da 'yan matan Yamai bayan samun 'yancin kai a 1960, shi ma daga kudun ya zo. A hannun irin waɗannan ne yaran gida suka koyi aiki, suka fara da share shago da riƙe fitila. Kuma a shagon ne hoto ya tashi daga abin dole ya koma abin marmari. Ranar Salla a yi ado a je, a tsaya gaban labulen da aka zana jirgin sama ko bene ko masallaci, a riƙe rediyo ko furen roba, a karkata hannu yadda agogo zai fito. Malamai sun yi ta saɓani a kan hukuncin hoto, wasu dattawa har suka koma ga Allah ba su yarda an ɗauke su ba. Duk da haka hoto ya shiga ɗakin amarya, ya hau bango kusa da jeren kwanoni.

A shekarun 1980 injinan wanke hoto mai kala suka bazu a manyan biranen Afirka ta Yamma, suka karya masu baƙi da fari. Sirrin ɗakin duhu ya daina amfani. Duk mai ƙaramar kyamara da keke ya zama mai hoto, yana bin biki da suna, in fim ya cika ya ba direba ya kai birni a wanko. Tasawa tana kan babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, abin ya zo mata da sauƙi. Mai hoton Mayahi ko Kanambakashe kuwa sai ya haɗa da haƙuri, shi da masu jiran hotonsu.

Hoto mai motsi yana da nasa tarihin, kuma Nijar ba 'yar kallo ba ce a cikinsa. A 1946 da 1947 Jean Rouch, Bafaranshe, ya bi kogin Kwara a kwalekwale da wata tsohuwar kyamarar Bell & Howell mai fim na milimita 16. Wani ake yi mata kamar agogo, kuma wani ɗaya ba ya wuce sakan 25 ko kusa da haka. A hanya ya rasa ƙafafun da ake ɗora ta a kai, dole ya riƙe ta a hannu. Waɗannan matsaloli biyu su suka zama salonsa: ya matsa kusa da mutane, kuma kafin ya danna sai ya san abin da yake so ya kama, tunda cikin ɗan lokaci injin zai tsaya. Duk saurayin da ke fama yau da yadda zai cusa labari cikin ɗan guntun bidiyon WhatsApp, ya sani an yi wannan fama a bakin Kwara tun kafin a haifi babansa. Daga kewayen Rouch aka sami Moustapha Alassane, wanda gajeren fim ɗinsa na 1962, Aouré, a kan aure yake, da Oumarou Ganda, wanda Le Wazzou polygame nasa ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a Wagadugu a 1972, karon farko da aka ba da ita. Rouch kansa a ƙasar Hausa ajali ya same shi, a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a watan Fabrairu na 2004.

Sai dai waɗannan fina-finai sun fi yawo a bukukuwan Turai da zaurukan Yamai. Abin da ya iso ƙauye shi ne majigin hukuma mai koyar da allurar rigakafi da noman gyaɗa, sai wasannin kwaikwayo na su Yazi Dogo a rediyo da talabijin ta ƙasa, sai kuma kokowa. Tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, ba abin da ke tara jama'ar wannan jiha gaban akwatin talabijin kamar kaye.

Kano ce ta canza komai. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, kafin shekara goma ta cika an yi Sangaya, kasuwa ta buɗe. Iyaka ba ta tare kaset ba. Ta Jibiya da Ɗan Isa, ta Daura da Magarya, fina-finan suka shigo tare da atamfa da man fetur, aka kafa gidajen kallo na zana da janareto har a garuruwan da ba su taɓa ganin sandar lantarki ba. A nan yaran Tasawa da Mayahi suka ga abin da majigi bai taɓa nuna musu ba: Bahaushe ne a gaban kyamara, Bahaushe ne a bayanta, kuma kuɗi ake samu. Barkwancin marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disamba 2014, da sauran fina-finan camama, su ne makarantar masu gajeren wasan dariya na yau, ko sun faɗa ko ba su faɗa ba. Fitowa ɗaya, rikici ɗaya, a yi dariya a wuce.

A wannan zamani aka sami mai bidiyon biki, da ƙatuwar kyamara a kafaɗa da yaro mai jan waya a bayansa. Kaset ɗin VHS yana cin sa'a uku, kuma sa'a ukun ake so a cika, domin duk wadda ta yi anko ta zo tana da haƙƙin a ga fuskarta, a ga lokacin da ta yi liƙi. Ba gwanintar tacewa ake saya ba, shaidar halarta ake saya. Wannan ɗabi'a tana nan da ranta, kuma ita ce farkon abin da mai gajeren bidiyo ke karo da shi.

A 2005 baƙin kyamarori suka sake dirowa jihar Maraɗi. Fari da farin ɗango na 2004 sun cinye amfanin gona, hatsi ya yi tsada, cibiyoyin ciyar da yara na Likitoci Marasa Iyaka suka cika. A watan Yuli hotunan da BBC ta nuna daga Maraɗi suka girgiza duniya, agaji ya biyo baya, an ceci rayuka, wannan ba abin musu ba ne. Amma hoton da ya zauna a idon duniya shi ne na uwa riƙe da ƙanjamammen yaro, ba suna, ba gari. A daidai waɗannan shekaru manoman yankin suna raya miliyoyin itatuwa a gonakinsu ta hanyar sassabe na zamani, suna barin tohon gawo da kalgo da sabara ya tashi, aikin da ya faro a Maraɗi tun 1983. Wannan labari ya daɗe bai sami mai ɗauka ba. Wanda ke riƙe da kyamara shi ke zaɓen abin da za a tuna da wuri, kuma a nan ne amfanin a ce ɗan gida ne ke riƙe da ita yake.

Wayar salula ta shigo Nijar a 2001, ta ɗauki shekaru kafin ta game karkara. Kafin intanet ta yi ƙarfi, katin memori ne ya yi aiki. A kowace tasha da kasuwa akwai mai rumfar caji da kwamfuta, a ba shi 'yan dala ya tura wa mutum waƙoƙi da wa'azi da fina-finai da kayen kokowa, daga nan abin ya bi Bluetooth da Xender daga waya zuwa waya a fada, ana shan shayi. Ƙaramin kati da ƙaramin allo ba sa son dogon abu. Tun kafin WhatsApp ya kawo Status a 2017, kafin TikTok ya haɗe da Musical.ly a 2018, kafin Reels na Instagram da Shorts na YouTube a 2020, idon mutanen nan ya riga ya saba da guntun bidiyo. Ga kuma 'yan ci-rani a Kano da Legas da Agadas da Libiya da Aljeriya da wuraren haƙar zinariya, waɗanda ba sa iya zuwa bikin ƙanwa. Ba kaset ɗin sa'a uku suke jira ba, minti ɗaya suke so wanda zai sauka a waya ba tare da ya cinye kuɗin data ba.

A wannan kasuwa kyamara marar madubi ta sami gurbi. Kyamarorin ƙwararru na da suna da ɗan madubi a ciki mai tura haske zuwa idon mai ɗauka, in an danna ya ɗaga. A 2008 kamfanin Panasonic ya fitar da Lumix G1 wadda aka cire mata shi, haske yana faɗawa kai tsaye a kan farantin da ke kama hoto, mai ɗauka yana kallon allo. Jiki ya ƙanƙance, nauyi ya ragu, ana iya canza gilashi, kuma a waɗanda suka biyo bayanta bidiyo ya zama rabin aiki. Sony ya biyo da a7 a 2013, Canon da M50 a 2018, sannan a 2021 Sony ya yi ZV-E10 musamman don masu bidiyon intanet, a kan kusan dalar Amurka 700 ba gilashi, wato wajen jika 400 na sefa. Ga saurayin da ke karkara wannan kuɗin sa ne na noma, shi ya sa aka fi sayen ta hannu, ko a yi haya ranar biki, ko a fara da waya har a tara. Abin da take bayarwa wanda waya ba ta kai ba a bayyane yake: fuska ta fito tas bayanta ya dushe, kuma da dare, a filin da ƙwan fitila biyu ne kawai, tana gani.

Amma waɗanda suka ƙera ta ba su san ƙasar Tasawa da Mayahi ba. Da zarar an cire gilashi farantin a buɗe yake, ba madubin da zai kare shi, kuma ƙurar hunturu ba ta neman izini. Ɗigo ɗaya ya zauna, zai fito a sararin samaniyar kowane bidiyo har sai an goge. Mai hankali yana canza gilashi a cikin ɗaki, bakin kyamara yana kallon ƙasa, ko ya haƙura da gilashi ɗaya duk yini. A watan Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, ƙananan kyamarorin nan sukan ɗauki zafi su kashe kansu in an matsa musu da ɗauka mai nauyi ta 4K, alhali WhatsApp zai matse bidiyon ko yaya aka ɗauke shi, don haka 1080 ya wadatar. Batir ma ba ya jimawa tunda allo kullum a kunne yake. Wutar wannan yanki daga Najeriya take zuwa, ta layin Katsina zuwa Gazawa, kuma kowa ya ji a jikinsa lokacin da aka yanke ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, har zuwa farkon 2024. Batir uku da faifan sola sun fi sabon gilashi amfani ga mai farawa.

Akwai ƙananan abubuwa da ke raba gwani da ɗan koyo. Wutar Nijar da ta Najeriya tana bugawa sau 50 a sakan, saboda haka a saita kyamara a hoto 25 ko 50 a sakan, in ba haka ba fitilun wurin biki su riƙa ƙyafta ido a cikin bidiyo. Rana tsaka tana ƙona farar shadda da rawani ta bar fuska a duhu, magani shi ne abin da mai hoton akwati ya sani tun tuni, a nemi inuwar bedi, ko a jira hantsi ko la'asar sakaliya, ko a sa baƙin gilashin rage haske. Kyamara a tsaye ake juya ta, tunda a tsaye ake riƙe waya, kuma wannan yana da tsada a nan: tsayuwa ta dace da mutum ɗaya mai magana, ba ta dace da jerin dawakin hawan Salla ko da'irar filin kokowa ba, sai mai ɗauka ya zaɓi doki ɗaya, ɗan kokowa ɗaya. Sama da duka akwai sauti. Jama'ar da ta tashi da rediyo tana yafe hoto mai hazo, ba ta yafe maganar da iska ta cinye. Ƙaramin makirufo na maƙalawa a wuyan riga, da 'yar hular gashi mai tare iska, shi ne sayayya ta biyu bayan kyamara. Tacewa kuma a waya ake yin ta, da CapCut ko KineMaster, a ciro kati a zura.

Kuɗin fa? Tsarin da TikTok ke biyan masu bidiyo gwargwadon yawan masu kallo bai haɗa da Nijar ba. Abin da ke ciyar da mai kyamara a Tasawa shi ne abin da ya ciyar da magabatansa: biki, suna, saukar karatu, walimar alhazai, sai tallar shagon atamfa ko mai gyaran waya, sai mawaƙi, sai ƙungiyoyin agaji masu son shaidar aikinsu. Gajeren bidiyon da ya saka a shafinsa shi ne allon shagonsa. Sau da yawa aiki biyu yake yi a biki ɗaya, dogo na uwar amarya wanda kowa zai fito, da gajere na amarya da ƙawayenta.

Hatsarin sana'ar ma ya canza. Hoton da yana cikin ambulan, mai shi ke nuna wa wanda ya ga dama. Na yanzu in ya fita ya fita, kuma rawar da matar aure ta taka a cikin gida tsakanin mata tana iya kashe mata aure in ta faɗa TikTok. Hukuma ma tana kallo. Nijar ta yi dokar laifuffukan intanet a 2019, aka cire hukuncin ɗauri kan ɓata suna a 2022, aka dawo da shi a Yuni 2024. A Kano, a Nuwamba 2022, kotu ta sa an yi wa wasu matasa biyu bulala saboda wasan barkwanci da suka yi da gwamna. Ɗan gida yana da abin da baƙon 2005 ba shi da shi, ya san sunan wadda yake ɗauka, ya san mijinta, gobe za su haɗu a rijiya ko a kasuwa. Wannan ya isa ya sa ya tambaya kafin ya ɗauka, ya sake tambaya kafin ya saka.

Wannan damuwa ce ta buɗe wata ƙofa da sana'ar ba ta taɓa buɗewa sosai ba. Rabin biki a ƙasar Hausa a cikin gida ake yin sa, sa lalle da wankan amarya da jere da buɗar kai, wuraren da magidanta da yawa ba sa son namiji baƙo ya shiga da kyamara. Ƙatuwar kyamarar kafaɗa da janareto da yaron waya aikin maza ne. Ƙaramar kyamarar da ba ta kai nauyin kwanon abinci ba, tana shiga jakar hannu, tana aiki da hasken taga. Nijar tana da matan da suka riga suka nuna hanya: Aïcha Macky 'yar Damagaram, wadda fim ɗinta Zinder na 2021 ya shiga unguwar Kara-Kara da Hausa, da Amina Weira, wadda ta yi fim a kan ƙurar yuraniyom ta Arlit a 2016 kuma tana cikin waɗanda suka bi sawun Voulet a African Apocalypse. Yarinyar da ta iya saita haske da sauti a Mayahi ko Korgom ko Urafan, ta kuma iya riƙe amanar abin da ta ɗauka, ba za ta rasa aiki ba daga kaka har faɗuwar damina, lokacin da aure ya fi yawa.